Sakaina a Wuyan 'Yar Darakta

Kwanakin baya na zaga kasuwar Utako ina neman ƙwarya, ƙwarya ɗaya tak ta dama fura, har ƙafata ta soma ciwo ban samu ba. Duk rumfar da na tsaya sai a miƙo mini roba, ja da koriya da mai ruwan hoda. Wani yaro da ya toshe kunnuwansa da abin jin kiɗa ma tambaya ta ya yi ko ta ado nake so, irin wadda ake ratayewa a bangon falo. A ƙarshe na same ta a wani shago mai gilashi, an shafe ta da fenti, an ajiye ta kusa da gangunan da ba a kaɗawa. Na juya ta, na ƙwanƙwasa da farce, na mayar musu da abarsu. Tun ranar nake ta tuna wani aji mai rufin kwano, da kwandon sakaina, da wasu yara mata biyu. Sunayen sauran 'yan ajin duk sun zube mini yadda haƙorana suka zube, amma na waɗannan biyun sun ƙi fita.

A lokacin sojoji sun koma bariki ba da daɗewa ba, farar hula sun karɓa, kuɗi ya ɓarke a nan babban birnin ƙasa kamar an fasa rumbu. Ba kiran salla ne kaɗai ke tashin mutum da asuba ba, har da ƙarar tifa da injin kwaɓa siminti da 'yan garuwa suna buga jarka a ƙofar gida. Ni ina da ƙuruciyata da takardar koyarwa, ina iya tsalle in kama bas tana tafiya a tashar Jabi, kwandasta yana ta tsage maƙogwaro yana kiran Karmo. Kowa a garin oga ne. Mutumin da ka san gidan ubansa da dangar kara, sai ka gan shi a bayan mota yana gaisuwa da yatsa biyu, ya manta yadda ake cewa ina kwana. Matansu suka koyi taɓe baki, 'ya'yansu suka koyi kiran uwa da sunan da ba a san shi a zuriyarsu ba. Makarantun kuɗi kuwa duk lungu akwai, wanda ya samu gida mai ɗaki huɗu da allon suna ya zama mai makaranta.

Tamu a Jabi take, gidan haya ne aka rushe bangon tsakiya aka yi azuzuwa. Mai ita wata mata ce da kowa ke kira Madam, mai son turare da takalmi mai tsini. Da yake ta buɗe ne da benci babu kowa a kai, ba ta zaɓen ɗa: 'ya'yan manyan ma'aikata da direba ke kawowa, da 'ya'yan birkiloli da masu talla da ke sauka daga motar Karmo da ƙura a ƙafa, duk ta karɓa. Ni aka ba Hausa, aka tura ta can ƙarshen yini, lokacin da yunwa ta riga ta cinye hankalin yaro. Madam ba ta ɓoye mini ba cewa don masu zuwa duba makarantu kawai take ajiye darasin. Ban damu ba. Ajin da babu mai leƙowa shi ne ajin da malami yake yin abin da ya ga dama.

Wata rana littafi ya kawo mu kan abin da ya kira harɗaɗɗun kalmomi, wato kalma biyu ko uku da ake haɗawa su zama sunan abu ɗaya. Na karanta wa yaran bayanin da ke ciki, yara 'yan shekara shida da bakwai, suka zuba mini ido kamar ina karanta musu takardar kotu. Rabinsu Hausar titi suke yi, ba ruwansu da bambancin shi da ita. Sauran rabin kuwa a gidajensu ana jin kunyar Hausa, sai da mai aiki ake yin ta. A hanyar gida na tuna kakata, wadda takan ce ƙwarya ba ta mutuwa, sai dai ta sauya aiki. In ta tsage a ɗinke ta, in ta fashe a kwashe toka da ita, in ta ƙara fashewa yara su yi tuwon ƙasa a ciki. Sai na bi matan da ke sayar da gari da nono a Utako ina roƙon tsagaggun ƙorai, suna ta yi mini dariya suna cewa malama ta haukace. Na kawo gida, na riƙa fasa kowane ɓalli gida biyu, in rubuta rabin kalma a wannan, rabi a wancan. Alli gogewa yake yi, biro kuma ba ta kama bayan ƙwarya, don haka na karɓo tawada da alƙalamin kara a wurin wani malami maƙwabcinmu. Don kada su ɓata, na ɗora ƙusa a wuta na huda kowanne na zura zare, yaro ya rataya nasa a wuya.

Har gobe ina jin ƙarar ajin nan a kunnena. In juye kwandon a tsakiyar aji, kowa ya wawuri ɗaya, sai ka ji ƙwal-ƙwal-ƙwal ana ta gwada baki da baki, ana ihu, wa ke da rabina, wa ke da rabina. Hikimar abin ita ce sakaina ba ta yarda da kowa sai wadda aka fasa su tare. Yaron da bai iya karatu ba ma, in bakin ya zauna daram, ya san ya samu ɗan'uwansa, sannan su haɗa kai su tono abin da aka rubuta. Jirgin-sama. Ɗan-kunne. Dafa-duka. Gashin-baki, wanda kullum sai an yi dariya in ya faɗa wa mata. A-kori-kura da faɗi-ka-mutu sai yara uku sun taru, su jeru suna riƙe da kafaɗar juna. In tambaye su, to, wa ya faɗi, wa ya mutu? Su ce ba kowa, Malama, farantin tangaran ne! Shi ke nan sun gane, ba tare da na sake buɗe littafi ba, cewa abu biyu in sun haɗu sukan zama abu na uku. Na kuma kafa doka cewa wanda sakainarka ta dace da tasa, da shi za ka zauna har ƙarshen zango, ko ɗan wane ne.

Yanzu jikokina suna zuwa mini da katuna masu sheƙi a cikin leda, an yanka su da inji, bakin kowanne a miƙe, kowanne ya dace da kowanne, saboda haka ba wanda ya dace da wani. Malamansu kuma an kai su otal an ba su shayi da jaka mai tambari, an koya musu da Turanci cewa yaro yana son wasa. Wai sai an zo daga ƙasashen waje an gaya musu. Ina kallon yaran suna jera katunan nan kowa shi kaɗai a kan teburinsa, ba hayaniya, ba mai taɓa wani, iyaye suna murna an ce musu wannan shi ne ci gaba.

Nabila 'yar wani darakta ce a ɗaya daga cikin ma'aikatun tarayya. Uwarta, Hajiya, ita ma babbar ma'aikaciya ce, an ce digirinta biyu, kuma ba ta bari a manta. Yarinyar shiru-shiru ce, tun da ta zo ban taɓa jin ta ɗaga murya ba. Talatu kuwa daga Karmo take zuwa, iyayenta Kiristoci ne daga tsaunukan tsakiyar ƙasa, uban birkila, uwar tana sayar da doya a Utako. Bakinta ba ya hutawa, ƙafarta ba ta zama. Ranar da na juye kwando, Nabila ta ɗauki bakan, Talatu ta ɗauki gizo. Talatu ta zagaye ajin kaf tana gwadawa, ta zo ƙarshe kan yarinyar da ke lungu ta sunkuyar da kai, ta kamo hannunta ta haɗa, ya zauna. Ta yi tsalle ta ce, "Malama, na same shi! Shi ne nawa!" Daga ranar ba a ƙara ganin ɗaya babu ɗaya ba. Biskit ɗin kanti ya riƙa komawa Karmo, dafaffiyar gyaɗa ta riƙa shiga bayan mota mai sanyi. Nabila ta fara dariya da ƙarfi, ta fara Hausa irin ta Talatu, tana ce wa mace shi. In ruwa ya ɗauke sai su ruga taga su duba ko nasu ya fito a sama. Da zango ya ƙare sauran yara suka zuba sakainunsu a kwando, su biyun suka ɓoye nasu a ƙarƙashin riga, ni kuma na yi kamar ban gani ba.

Da damina ta yi nisa zazzaɓi ya kama Nabila, mai zafi, har aka sa mata ƙarin ruwa. Ina cikin aji wata safiya aka ce Madam tana kirana. Na tarar da Hajiya a ofis, ta ƙi zama, makullin mota a hannu. A kan tebur ga sakainar Nabila an naɗe ta a takarda, kamar abin da aka ciro daga masai. Ashe wajen sauya wa yarinyar riga ne Hajiya ta gani a wuyanta, ɓallin ƙwarya da rubutun tawada da zare. Kuma cikin zafin zazzaɓi, yarinyar ba ta kiran uwa ba ta kiran uba, sai Talatu, Talatu. Wanda bai tashi a cikinmu ba ba zai san nauyin wannan ba. A camfin mutanenmu, mara lafiya in ya riƙa kiran sunan wani, to wannan ne mayen da ya kama masa kurwa, kuma ba zai tashi ba sai an kawo wanda aka kira ya tsallake shi. Wanda kuwa ya tsallaka, ya amsa sunan ke nan har kabarinsa.

Na ce, "Hajiya, ni na rubuta wannan da hannuna. Darasi ne. Ki karanta ki gani, ba komai a jiki sai rabin sunan bakan-gizo."

Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ce, "Malama, ni ba yarinya ba ce. Na san school materials, na san abin da ba shi ba. Wa ke riƙe da ɗaya rabin?"

Na ruga aji na kinkimo kwandon gaba ɗaya na juye mata a gabanta, na ce ga na 'ya'yan kowa, har da na ɗan Madam. Ta ja da baya tana karanta addu'a, tana kakkaɓe bakin mayafinta. Ta ce duk ba wannan ya dame ta ba, sunan wa 'yarta take kira? A kawo mata yarinyar ta tsallake ta, yau. Mace mai digiri biyu, wadda ke sa hannu a takardun gwamnati! A ƙauyenmu da ko fitilar ƙwai ba kowa ke da ita ba, na ga limaminmu ya kori masu irin wannan magana daga zaurensa da sanda. Sai da na zo babban birnin ƙasa, inda titi ya fi tsakar gidanmu tsabta, na ga an shigo da ita ofis an ba ta kujera.

Maigidan Hajiya yana waje a cikin mota, gilashi a rufe. Na ƙwanƙwasa, ya sauke kaɗan. Mutum ne mai fara'a, wannan ne ma abin da ya fi ƙona mini rai. Na gaya masa komai, ya saurara yana gyaɗa kai. Ya ce, "Malama, na sani, wallahi na sani. Likita ya ce taifot ne, kuma ta fara jin magani. Amma kin san mata. A yi mata kawai hankalinta ya kwanta. Me za a rasa?" Na ce, "Alhaji, sunan 'yar mutane za a rasa." Ya yi murmushi ya ce yara suna mantuwa, ya ɗaga gilashinsa. Na raina Hajiya a ranar, amma ita aƙalla tsoro ne ya rufe mata ido, 'yarta tana kwance. Shi idonsa a buɗe yake tar. Ya auna zaman lafiyar falonsa da 'yar birkila, ya ga wanda ya fi nauyi.

Madam ta jawo ni gefe ta ce, "Malama, please, ki gane. In Hajiya ta cire 'yarta, rabin ma'aikatarsu za su bi ta. Tsalle ne fa kawai, ba yanka ta za a yi ba." Na ce ba mai taɓa yarinyar nan sai uwarta ta zo, ta ce to, je ki kira ta. Na hau acaɓa zuwa Utako, na tarar da uwar Talatu tana jera doya. Ban gama bayani ba ta saki wadda ke hannunta. Ita ba ta je makaranta ba, amma nan take ta gane abin da ake shirin liƙa wa 'yarta. Ta ce, "Yesu! Malama, yaro ne fa. Bai san komai ba." Ta bar kayanta a buɗe muka taho. Muna isa maigadin makaranta ya ce ai Madam ta ɗauki yarinyar a motarta tun da na juya baya. An ce mata za a kai ta gaida ƙawarta, har ta roƙi a jira ta ta ɗauko ƙullin gyaɗarta.

Muka bi su gidan Hajiya. Maigadin can ya dubi zanin uwar Talatu da ƙasar doya a hannunta, ya ce ni kaɗai zan shiga. Na bar ta riƙe da ƙarfen get tana kiran sunan 'yarta. Falon yana da sanyi da ƙamshi, an shimfiɗa Nabila a kan darduma, ta rame, ƙawayen Hajiya sun jeru a kujeru da gwala-gwalai kamar an zo kallon biki. Talatu tana tsaye an cire mata takalmi. Kafin in buɗe baki wata ta ce mata, "Yi tsalle ki wuce ta, maza." Yarinyar ta ɗauka wasa ne. Ta ja da baya, ta tattare siket, ta daka tsalle irin na 'yar gala-gala, ta dira tana dariya, ta juyo ta ce, "In sake?" Suka ce ta sake, ta sake. Sannan ta durƙusa, ta zaro sakainarta daga wuya ta miƙa wajen ƙirjin Nabila don su haɗa, yadda suke yi kowace safiya. Hajiya ta buge hannun, ta ce, "Kar ki taɓa ta." Talatu ta juyo ta dube ni. Na koyar shekaru da yawa bayan wannan, ba a taɓa yi mini tambayar da ta fi wannan kallon wuya ba.

Nabila ta warke, tunda allura da ƙarin ruwa sun riga sun yi aikinsu. Amma ba wanda ya gode wa likita. Aka ce ai ga shi nan, tana tsallakawa yarinya ta tashi. Da ta mutu ma cewa za a yi ta riga ta cinye ta, don irin wannan shari'a ba ta da ƙofar fita. Labari ya bi bakin direbobi da masu aiki, ya shiga gidaje, ya dawo makaranta a bakin yara. Talatu in ta zo wucewa sai ka ji ana raɗa, kurwata kur, ki ci kanki ki sha baƙin ruwa. Na yi duka, na yi faɗa, na yi nasiha, amma abin da uwa ta zuba wa yaro a kunne da dare, malama ba ta iya kwashe shi da rana. Aka dawo da Nabila, aka sa ta a bencin gaba ita kaɗai, an ja mata kunne. Ba ta waiwaya, ta koma shirunta na da. Madam ta ce a ƙone sakainun, za ta sayo katuna irin na makarantun kirki.

Kafin a ƙone su na juye kwandon sau ɗaya na ƙarshe, ina fatan wasa zai gyara abin da manya suka ɓata. Aka wawura, ƙwal-ƙwal ta tashi, biyu-biyu suka riƙa komawa benci. Talatu ta zagaya tana miƙa tata, duk wanda ta nufa sai ya ɓoye hannu a baya. Ta rage ita kaɗai a tsakiya, hannu a sama, tana cewa wa ke da rabina. Yaron da ke da shi ya zauna a kai. Na ɗaga shi na karɓa, na haɗa da nata da kaina, ta karanta kalmar daidai, ba ta yi tsalle ba.

Makarantar tana nan har yau, ta zama bene mai gilashi, ba ɗan Karmo ko ɗaya a ciki. An ce duk shekara suna yin ranar al'ada, a ɗaura wa yara zani a ɗora musu fentattun ƙorai a ka, iyaye su ɗauki hoto. Ni ban kai ƙarshen shekarar nan a wurin ba. Talatu kuwa ko makon ba ta ƙarasa ba. Uwarta ta zo da hantsi, ba ta bi ta ofis ba, ta tsaya a ƙofar ajina ta ce, "Malama, ke kin yi ƙoƙari. An gaya mini tun farko, ƙwarya ya bi ƙwarya. Ni ne ban ji ba." Ta ce wa yarinyar ta ɗauko jakarta.

Talatu ta rataya jakar, ta zo gaban teburina, ta cire zaren nan daga wuyanta, tsohuwar sakainar mai gizo wadda gumi ya riga ya dusashe rubutunta. Ta ajiye, ta matso kusa da kunnena don kada aji ya ji. Ta ce, "Malama, ki ba Nabila wannan. Nasa ya ɓace, shi ya sa ba ya mini magana, yana tsoro zan yi fushi. Ki gaya masa ban yi fushi ba."